Littattafan tarihin malamai da masu zane da mawaƙa: shin lambar yabo ta isa dalilin saye?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar sakandare ce, kuma ni aka ɗora wa kula da ɗakin karatun makarantarmu. An ba mu 'yan kuɗi mu ƙaro littattafai, sai na ga ya kamata mu samu na tarihin rayuwar manyan mutane a fannin addini da zane-zane da kiɗa da waƙa. Wani ya ce mini kada in wahalar da kaina, in nemi waɗanda suka ci lambar yabo kawai. Shin wannan shawarar ta yi? In ta yi, da waɗanne za a fara? Kuma me ya sa ban ga na mutanenmu ba a jerin da ake yaɗawa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya ba da ladan kula da ɗakin karatun nan, don aiki ne da ba kowa ke son a ɗora masa ba. Tambayarki uku ce a haɗe: ko lambar yabo ta isa ta zama ma'aunin sayen littafi, waɗanne ne suka cancanci kuɗinku, sannan me ya hana irin su Nana Asma'u da Shata fitowa a jerin. Na daɗe ina koyar da tarihi, ina kuma duba rubutun masu son rubuta rayuwar magabata kafin su kai maɗaba'a, don haka ta wannan ɓangaren zan ba ki amsa.

Wanda ya ba ki shawarar bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba. Da wuya littafin da ya ci lambar yabo ya zama shirme, tunda ya bi ta hannun masu karatu da yawa kafin a zaɓe shi. Amma lambar ba ta ce duk abin da ke ciki gaskiya ne ba, ba ta kuma ce ya dace da 'yan babbar sakandare ba. Kamar shaidar da ake nema wajen maƙwabta ce kafin a ba da aure: tana da amfani ƙwarai, amma sai kin san wane maƙwabcin ne ya ba da ita, da abin da shi yake kira kirki.

Wa ke ba da lambar, me kuma yake nema

Wadda ta fi kowace suna ita ce Pulitzer. Tun 1917 ake ba da ita a Amurka, Jami'ar Columbia da ke New York ce ke kula da ita, kuma shekara da shekaru a mafi yawan fannonin littafi ba a ba marubuci sai in ɗan ƙasar Amurka ne, sai a 2023 aka ɗan sassauta wa mazauna ƙasar. A Ingila akwai Whitbread, wadda daga baya ta koma Costa, aka kuma rufe ta a 2022. Ita ma ta marubutan da ke zaune a Birtaniya da Ireland ce. Alƙalan irin waɗannan sukan nemi abu biyu: sabon bincike, da rubutun da zai riƙe mai karatu ko da bai taɓa jin sunan mutumin ba. Akwai kuma lambobin da ƙungiyoyin masana ke bayarwa, irin su Herskovits ta masu nazarin Afirka, da Merriam ta masu nazarin kiɗan al'ummomi. Su ba daɗin labari ya dame su ba. Hujja suke dubawa, da ko littafin ya canja yadda masana ke kallon lamarin. Sai kuma gasar da wata hukumar addini kan shirya da kanta, ta faɗi abin da take so a rubuta, marubuta su aiko. A nan inganci wajen madogara da dacewa da aƙida su ne gaba.

In kin riƙe wannan, rabin tambayarki ta uku ta amsu tun yanzu. Littafin da aka rubuta da Hausa aka buga a Kaduna ba faɗuwa ya yi a gasar Pulitzer ba. Tun farko ba shi da ƙofar shiga.

Sira

Zan daɗe a nan, don na san shi ne abin da ɗalibanki da iyayensu za su fara tambaya. A 1976, a wani taron sira da aka yi a Fakistan, ƙungiyar Rabiɗatul Alamil Islami ta sanar da gasar rubuta tarihin Manzon Allah (SAW), ta ware riyal dubu 150 a raba wa mutum biyar da suka fi. Rubuce-rubuce 171 suka iso, mafi yawansu da Larabci da Urdu da Turanci, kuma bayanin da ake bugawa a farkon littafin da ya yi nasara ya nuna cewa ɗaya daga ciki da Hausa aka rubuta shi. Wanda ya zo na ɗaya, ya karɓi riyal dubu 50 a Makka a 1979, shi ne Shaikh Safiyur Rahman Mubarakfuri, malami daga Indiya, da littafinsa Ar-Rahiƙul Makhtum.

Me ya sa ya ci? A ganina, tsari ne. Ya ɗauko abin da ke warwatse a Ibn Hisham da Zadul Ma'ad da littattafan hadisi, ya jera shi bi da bi, shekara bayan shekara, a mujalladi guda da ɗalibi zai iya gamawa. Inda ruwayoyi suka saɓa kan lokacin wani yaƙi, yakan faɗi wanda ya rinjayar da dalilinsa a taƙaice, ya wuce. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Abin da na lura da shi wajen koyarwa shi ne kaso mai yawa na littafin ya tafi ga yaƙoƙi da shirye-shiryensu, har yaro kan gama shi ya iya lissafa rundunoni amma bai ji ɗanɗanon zaman Manzo (SAW) da iyalinsa da maƙwabtansa ba. Mu da muka tashi muna jin Ashafa ta Alƙali Iyal ana karanta ta da azumi, mun san wannan ɓangaren daga can muke samunsa. Saboda haka in kin sayi ɗaya, ki tabbata ɗayan ma yana kan kanta.

Littafi na biyu da zan ambata shi ne na Martin Lings, Baturen Ingila da ya musulunta ya ɗauki sunan Abubakar Sirajuddin, wanda ya yi aikin kula da tsofaffin rubuce-rubucen gabas a gidan adana littattafai na Birtaniya. Littafinsa na sira ya fito a 1983, gwamnatin Fakistan ta ba shi lambar yabo a kai. Shi labari ya gina, daga Ibn Ishaƙ da Ibn Sa'ad da Waƙidi, da Turanci mai daɗin gaske, ta yadda mai karatu zai ji kamar yana cikin ayarin. To amma tsofaffin masu sira ba su tsananta wajen tace isnadi kamar masu hadisi ba, kuma Lings ya bi su a haka. Shi ya sa wasu malamai suka yi masa gyare-gyare kan wasu ruwayoyi. Wanda ya ɗauki hanyar da ta saɓa wa wannan shi ne Akram Diya'ul Umari, ɗan Iraƙi, da ya auna labaran sira da ma'aunin malaman hadisi a As-Siratun Nabawiyyatus Sahiha, ya kuma samu lambar Sarki Faisal a 1996 kan aikinsa a fannin sira. Ga mutum uku, kowa da lambarsa, kowa da abin da aka yaba masa: wannan tsari, wancan zaƙin labari, ɗayan tacewa. Ni malamin tarihi ne, ba masanin hadisi ba, don haka hukuncin wace ruwaya ce ta inganta ki bar wa malamin addinin makarantarku. Abin da zan iya gaya miki shi ne me kowane littafi ya sa a gaba.

Mutum ɗaya, littafi biyu, lamba biyu

In kina son ɗalibai su gane cewa lambar yabo ba ta rufe magana, babu misalin da ya kai na Malcolm X, Alhaji Malik El-Shabazz, Musulmin nan mai fafutukar 'yancin baƙaƙen fata a Amurka. Ya yi aikin Hajji a watan Afrilun 1964, ya biyo ta Najeriya da Ghana, aka harbe shi a New York ranar 21 ga Fabrairu 1965 yana da shekara 39. Kusan duk abin da duniya ta sani game da shi daga tarihin da ya ba da da bakinsa ne, wanda Alex Haley ya rubuta.

Sai Farfesa Manning Marable ya shafe shekaru yana bin diddigin wannan labari. Littafinsa, Malcolm X: A Life of Reinvention, ya fito a Afrilun 2011, kwana uku bayan rasuwar marubucin, ya kuma ci Pulitzer a fannin tarihi a 2012. Marable ya ce Malcolm ya ƙara gishiri a labarin ta'asar da ya yi a ƙuruciya, domin tubarsa ta fi girma a idon mai sauraro. Ya kuma yi ƙarfin halin cewa cikin mutum ukun da aka ɗaure kan kisan akwai waɗanda ba su da hannu. A kan wannan batu, lokaci ya gaskata shi, don a Nuwamban 2021 kotu ta wanke biyu daga cikinsu, Muhammad Aziz da Khalil Islam, na biyun ma ya riga ya rasu. Amma a wasu wuraren, musamman abin da ya shafi sirrin gidan Malcolm da ƙuruciyarsa, Marable ya gina zato a kan hujja mai rauni, iyalin mamacin suka yi tir, har wasu marubuta suka haɗu suka fitar da littafi guda na raddi a 2012. Duk wannan bai sa an karɓe lambar ba, bai kuma kamata a karɓe ba, don ba a kan rashin kuskure aka ba da ita ba.

Shi kuwa Les Payne ɗan jarida ne, ba malamin jami'a ba. Tun 1990 ya fara zama da 'yan'uwan Malcolm na jini, ya yi kusan shekara talatin yana neman duk wanda ya san mutumin ido da ido. Ya rasu a 2018 bai gama ba, 'yarsa Tamara, wadda dama ita ke taya shi bincike, ta ƙarasa. Littafin, The Dead Are Arising, ya ci babbar lambar littattafai ta ƙasar Amurka a 2020, ya ci Pulitzer ta tarihin rayuwa a 2021. Ƙarfinsa yana ga gidan da Malcolm ya tashi: uwa da uba masu bin tafarkin Marcus Garvey, mai kiran baƙar fata su dogara da kansu, waɗanda suka koya wa 'ya'yansu karatu da girmama kai tun kafin Malcolm ya taɓa jin sunan Elijah Muhammad, shugaban ƙungiyar Nation of Islam da ya shiga daga baya. Ya kuma ba da cikakken labarin ganawar da Malcolm ya yi da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙar fata, a Atlanta a 1961 bisa umarnin Elijah Muhammad, abin da ya yi ta cin ransa daga baya. Sai dai shekarar ƙarshe ta rayuwarsa, ta Hajji da Afirka da sauyin tunani, Marable ya fi zurfafawa a ciki. In kuɗi na ɗaya ne kawai, na Payne zan ce ki saya wa 'yan sakandare.

Haley ɗin nan ya sake fitowa a wani wurin. Jonathan Eig, wanda littafinsa kan Martin Luther King, wani jagoran fafutukar baƙaƙen fatan Amurka, ya ci Pulitzer a 2024, ya nemo asalin rubutun wata hira da Haley ya yi da King a cikin takardun Haley ɗin, sai ya tarar cewa zafafan kalaman sukar Malcolm da aka daɗe ana jingina wa King ba haka ya faɗe su ba. An yi musu kwaskwarima kafin a buga. Kusan shekara sittin masana na kwafar maganar daga juna. Nakan kawo wa ɗalibaina wannan duk lokacin da wani ya ce mini "ai a littafi na gani".

Zan ƙara guda a fannin addini, ko da yake ya fi dacewa da malamai: na George Marsden kan Jonathan Edwards, mai wa'azin Kirista da ya rayu daga 1703 zuwa 1758 a ƙasar da ta zama Amurka. Ya ci lambar Bancroft a 2004. Abin koyi a cikinsa shi ne Marsden bai mai da imanin mutumin wani ciwo da za a nemo sanadinsa ba. Ya bayyana duniya yadda Edwards ke ganinta. Amma kuma bai ɓoye cewa ya mallaki bayi ba, ko cewa mabiyansa da kansu suka sallame shi daga cocinsa a 1750. Duk mai son rubuta tarihin shehinsa ya kamata ya ga yadda ake haɗa ladabi da faɗin gaskiya a shafi ɗaya.

Masu zane

Rubuta rayuwar mai zane yana da tarko. Mutumin ya ƙare kwanakinsa a ɗaki shi kaɗai yana shafa fenti, babu abin ba da labari a ciki, sai marubuci ya karkata ga shaye-shayensa da matansa da faɗace-faɗacensa. Littafin Steven Naifeh da Gregory White Smith kan Jackson Pollock, wanda ya ci Pulitzer a 1991, ya kai shafi ɗari tara, sun yi hira da ɗaruruwan mutane, kuma babu mai musun wahalar da suka sha. Pollock shi ne Ba'amurken nan da ke shimfiɗa ƙyallen zane a ƙasa yana ɗiga masa fenti daga sama, ya mutu a haɗarin mota a 1956 yana cikin maye. Na karanta shi na fito na san duk wata damuwar da ke cikin gidansu, amma ban ƙaru sosai ba wajen kallon zanen kansa.

Wanda na fi so nesa ba kusa ba shi ne na Hilary Spurling kan Henri Matisse na Faransa, mujalladi biyu, na farko a 1998, na biyu a 2005, wanda ya zama gwarzon littafin shekara na Whitbread. Iyalin Matisse sun buɗe mata wasiƙunsa, ita kuma ta je garin da ya tashi, Bohain, a arewacin Faransa, ta tarar garin masaƙa ne da ke yi wa manyan kantunan Faris yadi mai launi. Daga nan ta nuna cewa idonsa a kan launi da ado a wurin masaƙan nan ya buɗe, kuma har ya mutu a 1954 yana tara ƙyallaye da dardumai yana zana su. Ta bi shi zuwa baje kolin fasahar Musulunci da aka yi a Munich a 1910, da zamansa a Tanja ta Maroko a 1912 da 1913. Ta kuma tono abin da masana suka daɗe ba su gane ba: dalilin da ya sa zanensa ya yi duhu a wajen 1902 shi ne wata gagarumar damfara da wata mata mai suna Thérèse Humbert ta yi, wadda ta rutsa da surukansa da ke mata aiki, ta bar iyalin cikin kunya da talauci. Irin wannan nake kira bincike mai amfani, wanda in kin gama sai ki koma ki kalli zanen da sabon ido. Ɗalibin da ya san marina da masaƙa ba zai ji wannan labari baƙo ba.

Akwai kuma na gida Najeriya. Sylvester Ogbechie ya rubuta Ben Enwonwu: The Making of an African Modernist a 2008, ya ci lambar Herskovits a 2009. Enwonwu ɗan Onitsha ne, an haife shi a 1917, mahaifinsa masassaƙi ne, ya yi karatu a makarantar Slade a Landan, ya rasu a 1994. Shi ne wanda Sarauniyar Ingila ta zauna masa ya yi mutum-mutuminta a shekarun 1950, shi ne kuma mai zanen Tutu da aka sayar fam miliyan 1.2 a Landan a 2018. Hujjar Ogbechie ita ce masu rubuta tarihin fasaha a Turai sun ture irin su Enwonwu gefe, suna ganin ko dai ɗan Afirka ya tsaya a sassaƙar gargajiya ko kuwa mai kwaikwayo ne. Rubutun masana ne, yana da nauyi, malamin zanenku zai fi yara amfana da shi.

Makaɗa da mawaƙa

A nan ma'aunina guda ne: in na rufe littafin, ina jin ƙaiƙayin in je in saurari waƙar? Da kunnen mai sauraro nake hukunci, don ban taɓa riƙe kayan kiɗa ba. David Cairns ya yi mujalladi biyu kan Hector Berlioz, ɗan likitan da aka tura Faris karatun likita ya gudu ya koma tsara kiɗa. Na biyun ya ci lambar Samuel Johnson a 2000. Aiki ne na ƙwarai, amma wanda bai saba da kiɗan Turawa na ƙarni na 19 ba zai gaji tun kafin ya kai rabi.

Wanda zan ce ki nema shi ne na Virginia Danielson kan Ummu Kulsum ta Masar, The Voice of Egypt, na 1997, wanda ya samu lambar Merriam. Bai da kauri. Danielson ta zauna a Alƙahira ta yi ta hira da makaɗan da suka yi aiki da mawaƙiyar da kuma talakawan da ke sauraronta, tana tambayar abu ɗaya: me ya sa ita? Amsar da ta tattaro ta fara ne daga ƙauye, inda mahaifinta, limami, ya koya mata karatun Alƙur'ani da ƙasidun yabo, yana sa mata kayan maza tana bin sa wuraren biki da mauludi. Fitar da harafi daga mafitarsa da ta koya a nan shi ne abin da Misirawa suka riƙa yaba mata har ta rasu a 1975. Littafin ya kuma nuna ta a matsayin 'yar kasuwa mai wayo, mai yin cinikin kwantiraginta da kanta, mai zaɓen baitocin da za ta rera, wadda ta mai da daren Alhamis ɗin farko na wata lokacin da ƙasashen Larabawa ke zama gaban rediyo. Duk mai niyyar rubuta tarihin wani makaɗin Hausa, nakan ce ya fara karanta wannan, saboda ya koyi cewa masu sauraro ma madogara ne.

Ina namu?

Suna nan, lambar ce ba ta biyo ta kansu ba. Bayan maganar ƙasa da harshe da na faɗa, gasannin rubutun Hausa da suka yi suna, tun daga ta 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar har zuwa Hikayata ta BBC, na ƙagaggun labarai ne. Tarihin rayuwa kuwa yana cin shekaru da kuɗin mota da na masauki, kuma a wurinmu marubuci daga aljihunsa yake yi. Ga shi kuma wasiƙu da littattafan ajiyar yau da kullum, irin waɗanda Spurling ta samu, ba kasafai makaɗanmu suka bari ba. Abin da suka bari yana cikin kaset da faifan gidajen rediyo da kawunan 'yan amshi da masu kalangu, waɗanda kullum raguwa suke. Wata matsalar kuma ta al'ada ce: mun gaji rubutun manaƙibi, na jera karamomi da kyawawan halaye, irin Raudul Jinan na Waziri Giɗaɗo a kan Shehu Usmanu. Wannan fanni ne mai daraja da manufarsa, amma dabam yake da tarihin da ke tambayar yaushe, a ina, wa ya gani. Mafi yawan rubutun da ake kawo mini in duba, a tsakanin biyun nan suke maƙalewa: marubuci yana son ya yi bincike, yana kuma tsoron abin da 'ya'ya da almajiran mamacin za su ce.

Duk da haka akwai waɗanda zan sa a kanta ɗaya da duk wanda na ambata a sama. The Caliph's Sister na Jean Boyd, 1989, tarihin Nana Asma'u ne, 'yar Shehu da ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kafa tsarin 'Yan Taru da jagororinsu mata, da ake kira jaji, masu kai ilimi ga matan ƙauyuka. Boyd ta daɗe a Sakkwato, ta kuma yi aiki da takardun da ke hannun Waziri Junaidu. Gajere ne, 'yan matanki za su iya karanta shi. Sai Shata Ikon Allah, na 2006, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa uku suka rubuta da Hausa bayan rasuwar Shata a 1999, suka bi garuruwa suna tattara bakin waɗanda suka zauna da shi. Ki haɗa da Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, don samun taƙaitaccen tarihin makaɗa da dama a wuri guda.

Yadda zan kashe kuɗin in ni ne

Kafin ki biya kuɗin kowane littafi, mai lamba ko marar lamba, ki buɗe ƙarshensa ki ga ko marubucin ya faɗi inda ya samo maganganunsa. Ki duba godiyarsa: in iyalin mamacin ne suka ɗauki nauyin aikin, ki sa ran an tauna wasu abubuwan ba a furta ba, in kuwa sun ƙi ba shi haɗin kai, ki sa ran zato ya cike wasu guraben. Sannan ki karanta shafi biyu daga tsakiya, ki tambayi kanki ko ɗalibinki mai matsakaicin Turanci zai iya bi.

Da wannan, zan fara da Ar-Rahiƙul Makhtum, in sa na Lings a gefensa, sai na Boyd da na Shata, waɗanda su ne yara za su fi ɗauka da kansu ba tare da an tura su ba. In da saura, na Payne da na Danielson. Na Spurling sai in za ki iya haɗa shi da littafin hotunan zanen Matisse masu launi, ko kuwa akwai kwamfuta da intanet a ɗakin karatun da yara za su duba, in ba haka ba za su yi ta karanta bayanin abin da ba su gani ba. Na Marsden da na Ogbechie na ɗakin malamai ne. Na Pollock kuwa ki bar shi, don akwai shafukan da in wani uba ya buɗe, ke za a kira ofishin shugaban makaranta. Yawancin na Turancin nan ana samun waɗanda aka riga aka karanta a wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, da sauƙin kuɗi ƙwarai, sai dai ki duba ko hotunan da ke tsakiya suna nan ba a yage su ba.